Yadda na kai ƙarar cin zarafin launin fata a Tunis, daga komisariya har kotu

Tun da na dawo gida Tawa, a Nijar, duk wanda yake da ɗa ko ƙane mai shirin tafiya karatu Tunisiya, ko majinyacin da za a kai asibiti can, tambaya ɗaya yake yi mini: idan aka ci zarafin mutum saboda baƙar fatarsa, akwai inda zai kai kuka a saurare shi? Amsar ta fi ƙarfin zaman fada guda, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya same ni daki-daki, domin wanda ya faɗa cikin irin wannan hali ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa da takardar da zai riƙe a hannunsa.

Na isa Tunis, babban birnin Tunisiya, a watan Satumba na 2022 domin karatun lissafin kuɗi a wata makaranta mai zaman kanta. Ɗan Nijar yana shiga ƙasar ba tare da biza ba, amma izinin na wata uku ne kacal, kuma kafin su cika dole ɗalibi ya nemi katin zama a wajen ƴan sandan unguwar da yake haya. Ana neman takardar rajistar makaranta, da shaidar cewa kana halartar aji, da kwantaragin haya da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari, da kwafin fasfo har da shafin tambarin shigowa, da hotuna, da shaidar kuɗin da ake aiko maka daga gida. Kwantaragin hayar nan shi ke kayar da yawancin ƴan uwanmu, domin masu gidaje da yawa ba sa yarda su rubuta shi don gudun haraji. Idan an karɓi takardunka sai a ba ka ƴar takardar wucin gadi da muke kira resefise, wadda a lokacin wata uku take aiki, ainihin katin kuwa yakan yi jinkiri har shekarar karatu ta yi nisa. Wanda wa'adinsa ya wuce ba shi da takarda, tara ce ke hawa kansa, dinari 20 kowane mako, wato wajen jaka huɗu a kuɗinmu na sefa, har ta kai dinari 3,000. Na fara da wannan ne saboda duk abin da ya biyo baya a kan wannan takarda ya rataya.

Ranar 21 ga Fabrairu 2023 shugaban Tunisiya Kais Sa'id ya yi jawabi a taron majalisar tsaron ƙasa, inda ya danganta shigowar baƙi daga kudu da Sahara da wani shiri na sauya asalin al'ummar Tunisiya, alhali alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar na 2021 sun nuna baƙin da suka fito daga kudu da Sahara ba su wuce kimanin 21,000 ba a cikin mutane wajen miliyan 12. Tarayyar Afirka ta yi tir da kalaman, amma magana ta riga ta fita. Cikin ƴan kwanaki masu gidaje suka shiga korar ƴan haya saboda tsoron dokar 1968 da ta tanadi hukunci ga wanda ya saukar da baƙo marar takardu, masu gine-gine da gidajen abinci suka sallami ma'aikata, ƙungiyar ɗaliban Afirka ta AESAT ta shawarci ɗalibai su zauna a ɗaki. Zagi a kan titi da ma mun saba da shi, yara su bi ka suna kiranka bawa, direban taksi ya rage gudu ya dube ka ya wuce, amma wannan karon jifa da duka ne suka biyo baya.

Muna haya mu uku a wata unguwa ta Ariyana da ke gefen Tunis, ni da wani ɗan Konni da wani ɗan Kodebuwa mai aikin fenti. A ƙarshen watan Fabrairun nan, abinci ya ƙare mana, na fita bayan magariba sayen burodi a gidan burodin da ke bakin layinmu. Ina dawowa wasu samari huɗu suka tare ni, suka ce in koma ƙasarmu, suka haɗa da zagin da ba zan maimaita ba, ɗaya ya buga mini dutse a gira, sauran suka kayar da ni suka yi ta shuri a haƙarƙari, suka ɗauke salulata. Mai gidan burodin, wani dattijo ɗan ƙasar, shi ya fito da sandar da yake zaro burodi daga tanda ya kore su, ya ɗaure mini goshi da tawul ya raka ni har ƙofa. A daren nan muka yi gardama mai zafi a ɗaki. Na ce a kira 197, lambar ƴan sanda, abokinmu mai fenti ya roƙe ni da girman Allah kada in yi, domin wa'adinsa ya wuce fiye da shekara, idan suka zo shi za su fara ɗauka, ba waɗanda suka doke ni ba. Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Na ari salular ɗan Konni na kira gida, mahaifina ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, a ƙasar mutane kake, ka bar wa Allah, ka nemi jirgi ka taho." Na ce: "Baba, ku yi mini izini in gwada, takarduna suna nan daidai." Ya yi shiru, daga baya ya ce Yaya zai aiko mini da kuɗin magani.

Washegari da safe na tafi komisariyar unguwa, wato ofishin ƴan sanda, ni kaɗai, da fasfo da resefise da katin makaranta. Tun daga ƙofa, kafin a tambaye ni abin da ya fasa mini gira, sai da aka tambayi takarduna. Jami'in ya juya resefisen gaba da baya, ya ƙirga kwanakin da suka rage mata, ya ce saura ƙiris ta mutu, ya riƙe ta tare da fasfon ya nuna mini benci. Na zauna a wurin tun hantsi har bayan azahar, ƴan ƙasa suna shigowa ana sallamarsu, ni kuwa babu wanda ya ce mini ci kanka, kuma babban abin da ya dame ni shi ne fasfona yana cikin aljihun teburin wani, ba zan iya tashi in tafi ba ko da na so. Da aka kira ni, wanda ya saurare ni ya tambaye ni ko na san sunayen samarin da gidajensu, na ce a'a, ya ce to wa za a kama, ya ƙara da cewa a irin wannan lokaci mai hankali ba ya fita da dare. Ba a rubuta komai ba. Ina kan fita sai wani jami'i mai furfura da ya ji zancenmu ya kira ni gefe, ya mayar mini da takarduna, ya rubuta mini takardar umarnin zuwa asibiti ya buga mata hatimi, ya ce in je asibitin gwamnati a ranar, in karɓi takardar shaidar rauni ta farko, in dawo da shaida da wanda ya iya Larabci. Wannan takarda tasa ita ce ta buɗe sauran ƙofofin, kuma ni a lokacin ban ma san akwai ta ba.

A sashen gaggawa na asibitin an fara da biyan kuɗin rajista, sannan jira a cikin cunkoso. Aka ɗinke girar, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga haƙarƙari ɗaya ya tsage. Duka da magani abin ya ci mini wajen dinari 90, ban da taksi. Takardar shaidar rauni ita ce zuciyar al'amarin, domin a cikinta likita yake bayyana raunukan da ya gani da adadin kwanakin hutun da ya yanke maka, kuma alƙali yana duba wannan wajen auna nauyin laifin. Likitar da ta duba ni, wata matashiya, ta tambaye ni yadda abin ya faru, ta rubuta abin da na faɗa, ta yanke mini kwana 21, ta kuma ce in ɗauki hoton fuskata a ranar kafin kumburin ya sauka. Takardar ba a ba ni ita nan take ba, sai da na koma bayan kwana biyu na karɓe ta a ofishin da ke buga hatimi, na yi mata kwafi da yawa.

Ta hannun wakilin ɗaliban makarantarmu aka haɗa ni da wata ƙungiya mai taimakon baƙi a fannin shari'a, su kuma suka ba ni lauya mace ba tare da na biya ko sisi ba. A ofishinta na fara jin labarin doka mai lamba 50 ta ranar 23 ga Oktoba 2018, wadda ta haramta duk wani nau'in wariyar launin fata. Dokar ta tanadi ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya ko tarar dinari 500 zuwa 1,000, ko duka biyun, ga wanda ya aikata ko ya furta kalaman wariya, hukuncin kuma yana ƙaruwa zuwa shekara uku ga mai tunzura jama'a. Ta gaya mini cewa tun a farkon 2019 wata kotu a birnin Sifaks na Tunisiya ta hukunta wata mata da ta zagi malamin ɗiyarta saboda launinsa, don haka dokar ba ado ba ce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, dokar ta ba wanda aka zalunta damar kai ƙararsa kai tsaye wajen mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun yankin, a rubuta ta a wani kundi na musamman, a kammala bincike cikin wata biyu. Ashe komisariya ba ita kaɗai ce ƙofa ba. A daidai wannan lokacin, ranar 5 ga Maris, gwamnati ta sanar da wasu matakai na kwantar da hankali, ciki har da tsawaita wa'adin resefise daga wata uku zuwa shida da yafe tara ga masu son komawa gida don raɗin kansu, jiragen Gine da Mali da Kodebuwa kuma suna ta kwashe ƴan ƙasashensu. Abokinmu mai fenti a cikin waɗannan ya tafi.

Muka koma komisariyar mu uku, ni da lauya da dattijon gidan burodi, wanda ya rufe shagonsa rabin yini saboda ni. Bencin nan dai yana nan, amma wannan karon ban daɗe a kansa ba, kuma babu wanda ya riƙe mini fasfo. Aka ɗauki bayanina, jami'in yana bugawa a kwamfuta da Larabci, ni ina magana da Faransanci, ya fitar da takardar ya miƙo mini alƙalami. Lauyar ta riƙe hannuna ta karanta takardar daga sama har ƙasa, sai ta ga an rubuta duka da ƙwacen salula, amma babu ko kalma ɗaya a kan zagin launin fata, babu maganar "koma ƙasarku". Jami'in ya ce wannan ai maganar fushi ce ta samari, ba ta ƙara komai. Aka kai ruwa rana, ta nace sai an rubuta kalmomin yadda aka furta su, dattijon kuma ya tabbatar da cewa da kunnensa ya ji. Aka sake bugawa, ta fassara mini layi-layi, sannan na sa hannu, muka karɓi lambar takardar da kwanan wata. Da ni kaɗai ne, da na sa hannu a kan ƙarar sata kawai ina godiya, domin Larabcin da na yi a makarantar allo a Tawa bai kai ya karanta rubutun ofis ba.

Duk da haka lauyar ta rubuta ƙara ta dabam ta kai ofishin mai gabatar da ƙara a kotun matakin farko, ta haɗa da kwafin takardar likita, da hotunan fuskata, da kwafin fasfo da resefise, da rasit ɗin salular mai ɗauke da lambar jikinta, da sunan shaida. Aka ba mu lambar rajista. Daga nan sai jira. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ofisoshi suka koma tashi da wuri, duk sanda na je tambaya sai a ce takardun suna wajen masu bincike. Wata biyun da doka ta faɗa sun cika sun wuce. A wannan tsakanin ina zuwa aji ta wata hanya mai zagaye don kada in bi ta bakin layin, resefisen kuwa tana cikin leda a aljihun ƙirjina kamar laya, ko shago zan leƙa da ita nake fita. Mai gidanmu ya so ya tashe mu, sai da lauyar ta kira shi ta tuna masa akwai kwantaragi mai hatimi.

Bayan ƙaramar salla aka kira ni domin a haɗa ni ido da ido da wanda ake zargi. Kyamarar wani kantin magani da ke kusa ta ɗauki fuskar ɗaya daga cikinsu, dattijon kuma ya san uwarsa. Yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, ya shigo yana sunkuyar da kai, ya amsa cewa yana wurin amma ya ce bai zage ni ba, kuma bai san sauran ukun ba sai a titi. A ƙofar ofishin uwarsa ta tare ni tana kuka, ta kira ni ɗanta, ta ce mu duka Musulmi ne, za su biya salular, in janye ƙarar. Wannan ita ce rana mafi nauyi a gare ni, ta fi ranar dukan, domin a tarbiyyarmu ta Adar, yankinmu na Tawa, tsohuwa ba ta roƙonka abu da hawaye ka juya mata baya. Na sake kiran gida. Mahaifina ya ce: "Yafiya ta fi, ɗana, amma kai ne mai ciwon." Yayana kuwa ya ce in tuna da waɗanda aka doka ba su da takardar da za su shiga ofishin da ita. Lauyar ta bayyana mini cewa ko na yafe haƙƙina, tuhumar gwamnati ba ta faɗuwa da kanta, sai dai yafiyar takan sassauta hukunci. Na gaya wa tsohuwar na yafe kuɗin salula da na magani, amma bayanina yana nan yadda na ba da shi.

An yi zaman kotu a watan Yuni bayan an ɗaga shi sau ɗaya. Zauren cike yake, shari'o'i da yawa a jere, tamu ba ta ɗauki lokaci mai tsawo ba, komai da Larabci, lauyar tana raɗa mini abin da ake faɗa. An same shi da laifin duka, aka yanke masa ɗaurin ƴan watanni na jeka-ka-gyara-halinka. Tuhumar wariyar launin fata kuwa an wanke shi, bisa hujjar cewa ba a tabbatar da wanne daga cikin huɗun ya furta kalmomin ba. Sauran ukun ba a kama su ba, salular ma ba ta dawo ba. Na fito ban san ko nasara na yi ba, amma na karɓi kwafin hukuncin, kuma yana nan a akwatina a Tawa.

Na gama jarrabawa a farkon Yuli, daidai lokacin da rikici ya ɓarke a Sifaks bayan kisan wani ɗan ƙasar ranar 3 ga watan, aka kwashi ɗaruruwan baƙi aka zubar da su a hamadar kan iyakar Libiya da Aljeriya, wasu suka mutu da ƙishirwa. Ranar 16 ga watan Tarayyar Turai ta sa hannu kan yarjejeniya da Tunisiya a kan tare baƙin haure. Na yanke shawarar ba zan koma shekara ta biyu ba. A filin jirgin Tunis an duba takarduna, aka ga ba ni da tara, aka buga mini tambarin fita. Wanda yake da tara ya kamata ya san adadinta ya tanadi kuɗin kafin ranar tafiya, domin na ga wanda jirgi ya tashi ya bari a kan wannan. Na sauka a filin jirgin Diori Hamani na Yamai ƴan kwanaki kafin juyin mulkin 26 ga Yuli da ya sa aka rufe iyakoki, na hau bas ta Dosso da Dogon Dutsi da Konni zuwa gida.

Idan aka tambaye ni ko na yarda da ƴan sandan can, nakan ce a ofishi ɗaya na gamu da wanda ya ajiye ni a benci da wanda ya rubuta mini takardar asibiti, don haka ba zan yi musu kuɗin goro ba. Matsalar ta wuce halin mutum ɗaya. Ofishin da zai karɓi kukanka shi ne ofishin da ke binciken izinin zamanka, kuma muddin haka abin yake, marar takarda ba zai taka ƙofar ba ko an karya masa ƙafa, masu dukan kuma sun san da haka sarai, shi ya sa suke zaɓen wanda suke tsammanin ba zai iya magana ba. Saboda haka duk iyayen da za su tura yaro, su sa kuɗin haya mai kwantaragi a cikin lissafinsu tun daga gida ko da ya fi tsada, yaron ya shigar da takardun katin zama tun makonnin farko, ya ajiye kwafin komai a intanet, ya kuma aiko da wani gida.

Idan abin ya faru, a je asibitin gwamnati a ranar, a nemi takardar umarni daga ƴan sanda, idan sun hana a je haka nan a nemi takardar shaidar rauni, a ɗauki hoto, a nemi shaida tun mutane ba su manta ba, a tambayi shagunan kusa ko suna da kyamara kafin hoton ya goge. Kada a shiga komisariya ba tare da ɗan rakiya ba, kuma wani na waje ya san inda aka tafi. Kada a sa hannu a takardar da ba a fassara ba, a tabbatar an rubuta kalmomin zagin da wanda ya furta kowace ɗaya, domin a nan tawa ƙarar ta yi rauni. Idan an ƙi saurarawa, a wuce wajen mai gabatar da ƙara a ambaci doka mai lamba 50.

Sai dai mai tafiya yanzu ya sani cewa tallafin da na samu ya ragu ƙwarai. A watan Mayu na 2024 an kama Sa'adiya Mosbah, shugabar ƙungiyar Mnemty mai yaƙi da wariyar launin fata, tare da wasu ma'aikatan ƙungiyoyin da ke taimakon baƙi, ƙungiyoyi da dama kuma suka rufe ofisoshinsu ko suka rage aiki. Don haka ɗalibi ya yi rajista da ƙungiyar ɗaliban Nijar da AESAT tun makon da ya sauka, ya karɓi lambar lauyan da suke hulɗa da shi, ya rubuta ta a takarda ya ajiye a ɗaki, domin salula ce abu na farko da ake ƙwacewa.